Ranar da Kulu Ta Jiƙa Rumbu

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ba gwanar magana ba ce ko a tsakar gida, balle a takarda. Wata ƙawata ce ta hana ni sakat. Ta ce in ban rubuta ba ita za ta ba da shi, kuma na san bakinta, sai ta zuba gishiri har a kasa ci. Shi ya sa na zauna. Inda kuka ga gyara, ku yi mini afuwa.

A shekarun da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, akwai wata yarinya da ke zama can gefen kasuwa da kwandon gumi a gabanta, wato shinkafar da aka turara aka shanya kafin a surfe. Sunanta Kulu, ɗiyar Malam Arzika manomin shinkafa a Zauro. Sauran 'yan mata na ta kiran masu saye suna wasa da dariya, ita kuwa idonta na kan mudunta.

Ran nan wani saurayi ya sauke kwandon bandar kifi kusa da ita. Kalilu ne, ɗan masunta daga Argungu. Ya dube ta, ya dubi shinkafar, ya sake dubanta.

"Mai gumi, sayarwa kike ko gadi anka ba ki?"

"Sayarwa," ta ce, muryarta can ƙasa.

"To ai ban ji kin kira kowa ba. Ko kihin nan nawa da ya sha hayaƙi ya hi ki surutu."

Dariya ta ƙwace mata, ta ja mayafi ta rufe baki. Shi kuwa sai ya miƙe ya buɗe murya: "Ga gumin Zauro! Mai shi ba ta magana, shinkafar ke magana!" Kafin la'asar kwandon ya ƙare. Da za ta tafi ya naɗe mata tarwaɗa a ganye, ta ƙi karɓa, ya ajiye a cikin kwandonta ya juya baya kamar ba shi ba.

Daga ranar, duk kasuwa sai ya nemi gefen nan. Daga baya ya fara hawa keke zuwa Zauro zance. Shi ya raɗa mata Kuluwata, ita kuma in ta saki jiki takan ce masa Basarke, wato ɗan masunta. Abin mamaki, a gabansa bakinta na buɗewa. Takan ba shi labarin tungar da ta girma can cikin fadama, ita da kakarta kaɗai, babu maƙwabci sai tsuntsaye. Tsohuwar ta raine ta da magana ɗaya: kada ki zama nauyi ga kowa. Da kakar ta rasu aka dawo da ita Zauro hannun Goggo, ƙanwar mahaifinta, ta zo da wannan magana a ƙirjinta kamar laya.

Da magana ta yi ƙarfi, mahaifiyar Kalilu, wadda kowa ke kira Inno, ta zo ganin gida. Mace ce mai wayo. Ba ta shiga gidan Malam Arzika kai tsaye ba, sai da ta tsaya bakin rijiya ta nemi ruwan sha, ta tambayi 'yan matan wurin halin Kulu.

Suka dubi juna. Asiya, ɗiyar maƙwabtansu, wadda bakinta ba ya da marfi, ta ce, "Kulu? Ai sai ku tambayi turminta, Inna. Da shi take hira."

Inno ta ƙarasa gidan, aka gaisa, aka ci goro. Kulu na bayan zana tana ji.

"Uwar ɗiya, ba ni ɓoye miki," in ji Inno, tana duban Goggo. "Ban ga aibu ga ɗiyarku ba, hankali kam akwai. Amma gidanmu gidan taro na. In kihi ya zo, mata duka kan banda muke, hannu da hannu, baki da baki. Yarinyar da garinsu babu mai ce mata ƙawa, da wa za ta zamna? Wa ma zai rako ta? A bari sai bayan kaka mu gani."

Ba ta ambaci Rahmatu ba, amma kowa ya sani. Rahmatu ɗiyar wan Inno ce, yarinyar da in ta shiga gidan makoki ma sai an yi murmushi. Tun tana ƙarama Inno ke kiranta surukata.

Da Kalilu ya zo zance ya ishe Kulu idanu jajir.

"Kuluwata, abin ga ba wuya. Ki yi hira da su kamar yadda kike yi da ni."

"Kai daban na."

"Da mi nib bambanta? Kai biyu gare ni? Ki gaishe su, ki yi dariya, ki ɗan yi musu alheri. Mutum ba ya ƙin mai son shi."

Ta ɗauki shawarar kamar maganin asibiti. Washegari ta je rijiya ta bi 'yan matan ɗaya bayan ɗaya tana gaisuwa, har da tambayar gajiya da kwanan iyaye da na awaki. Ta yi murmushi har kumatunta suka yi ciwo. Ba su amsa da kyau ba. Tana juya baya ta ji Asiya na cewa, "Yau kuma wa ya mutu?" Aka kwashe da dariya.

Ta gwada kyauta. Kifin da Kalilu ya kawo mata ta rarraba gida-gida. Aka karɓa, aka gode, amma magana ta zagayo: wai tana nuna musu ta yi saurayi mai kifi.

Ta gwada aiki. Ta leƙa gidan su Asiya ta ga gero jiƙe a turmi, babu kowa a tsakar gida. Ta ɗauki taɓarya ta surfe shi tas, ta bakace, ta rufe da faifai, ta fita ba ta gaya wa kowa ba. A ranta ta ce yau kam an dace. Da yamma sai ga Asiya ta faɗo gidansu ko sallama babu.

"Ke Kulu, mi niy yi miki? Inna ta wuni tana yi mani gori, wai ga ɗiyar mutane ta yi aikin da nik kasa. In son a yabe ki kike, ki tahi gidanku a yabe ki!"

Asiya ta yi tsaki ta fita. Kulu ta shiga ɗaki ta kifa kai a gado. Abin da ya fi ƙona mata rai, ba ta san inda ta yi kuskure ba. Ta yi gaisuwa, ta yi kyauta, ta yi aiki. Me ya rage? Ta cire zuciyarta ta aza musu a faifai?

Shi kuma Kalilu ya zo da tasa dabarar. A lokacin samari na sayen katin gaisuwa su aika gidan rediyo a Sakkwato, a karanta da rana kowa na ji. Ran nan 'yan mata na tsintar shinkafa a gindin ɗorawa, rediyon wani tsoho na kusa, Kulu na can gefe da nata faifan, sai mai shirin ya karanto:

"Kalilu Basarke daga Argungu yana gaida Kuluwarsa a Zauro. Ya ce ruwa mai zurfi ba ya ƙara, kuma shi ya san zurfin nasa. Yana gaida Goggo, yana gaida dukkan ƙawayen Kulu, ya ce su riƙe masa ita amana."

Sai wata ta ce, "Ƙawayen Kulu? To turmi, an gaishe ka. Taɓarya, kin ji saƙo." Dariya har da riƙe ciki.

Ba a rufe shirin ba sai da aka karanto wani katin:

"Rahmatu daga Argungu tana gaida yayanta Kalilu, ta ce tuwon jiya ya yi daɗi ko a ƙaro miya? Tana gaida Inno uwar kowa, da ƙawayenta na Argungu da Augie da Gwadangaji, ta ce in ta tsaya kiran suna rana za ta faɗi."

Kulu ta tattara faifanta ta bar wurin.

Da Kalilu ya zo, tun kafin ya jingine keke ta tare shi.

"Tuwon ya yi daɗi?"

"Wane tuwo?"

"Wanda duk Jihar Sakkwato ta ji labarinshi."

"Haba Kuluwata. Rahmatu ƙanwata ta, gidanmu take wuni. Inno ta sa ta tuƙa, in ƙi ci?"

"Ka ci. Ka ƙara. Amma don Allah ka bar kirana cikin rediyo ana yi mani dariya. Na yi duk abin da kac ce. Na gaishe su har na zama abin wasa. Ni haka Allah ya yi ni, Kalilu. In mai taro kake so, ga ta nan gidanku."

"Da mai taro nike so, da ban taka keke daga Argungu ba, rana na dukana."

"To ka huta da rana."

Ya juya keken. Sannan ya ce, "Allah ya huci zuciyarki," ya hau kekensa. Kasuwa ta zagayo bai zo ba, wata ta sake zagayowa bai zo ba. Ashe ruwa ne ya ja baya kifi ya samu, duk gidansu suna bakin gulbi, amma Kulu ba ta sani ba. Ita dai ta ƙudurta Rahmatu ta gama da ita.

Kaka ta yi, Malam Arzika ya cika rumbu da shanshera, shinkafar da ba a taɓa ɓawonta ba. A nan ne shawara ta zo wa Kulu, irin shawarar da ɓacin rai ke kawowa. Tunda Inno hannuwa take nema, za ta nuna mata hannu biyu da suka fi goma. Za ta yi gumin da sai an yi labarinsa har Argungu, ita kaɗai.

Ta dace Goggo ta tafi suna Augie, mahaifinta kuma yana kwana a fadama wurin sauran girbi. Kulu ta buɗe rumbu. Ta cika randuna, ta cika duro, ta cika har kwatarniyar wanki, ta ɗora ruwan ɗumi ta zuba. Duk ɗiyar Zauro ta san ba a jiƙa abin da ya fi ƙarfin tukunya, don shanshera in ta kwana a ruwa dole a turara ta washegari, in ba haka ba ta yi tsami ta lalace. Kulu ma ta sani. Ta dai gaya wa kanta hannunta na da sauri.

Tun da asuba ta hura wuta. Tukunyar turare ɗaya ce a gidan. Ta cika, ta jira tururi, ta sauke, ta shanya, ta sake cikawa. Hayaƙi ya cika mata ido, itace ya fara ƙarewa. Da rana ta take tsaka ta duba, ko randa biyu ba ta gama ba. Ta tsoma hannu a duro ta shinshina. Wani ɗan wari ya fara tashi, kumfa na taruwa a saman ruwan.

Wannan ba shinkafarta ba ce. Abincin gidan ne na shekara, wahalar mahaifinta tun daga shuka har korar tsuntsaye.

Ta je ƙofar gida ta dawo. Ta sake zuwa ta dawo. Maganar kakarta na yi mata amo a kunne. Iska ta kaɗo warin ya same ta har zaure, sai kawai ta ga ƙafafunta sun kai ta gidan su Asiya, ba mayafi, fuska duk toka.

Asiya na zaune ana yi mata kitso. Ta ɗago kai.

"Yau kuma mi za ki surfe muna?"

"Asiya, na yi ɓarna," in ji Kulu. "Na jiƙa shinkafar Baba duka. Ta fara tsami. Ba ni iyawa ni ɗaya. Don Allah ki ara mani tukunya. Don Allah ki zo."

"Duka? Duka rumbun?"

Kulu ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Asiya ta kalle ta, ta kalli mai kitso, sai ta fashe da dariya har tana buga cinya. Kulu ta juya za ta gudu, Asiya ta cafko zanenta.

"Ina za ki? Tsaya, mahaukaciya! Inna, ina babbar tukunya? Kulsumi, bar kitson ga, ruga ki kira su. Ki ce kowa ta zo da tukunya da itace, Kulu ta jiƙa rumbu!"

Kafin a jima tsakar gidan Malam Arzika ta cika. Aka kafa murhu ko'ina, har bayan ɗaki. Wasu na tsame shinkafa, wasu na hura wuta, wasu na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Asiya, kai rabi kitse rabi tsefe, ita ce sarkin aiki.

"Kulu, miƙo kwando! Ba wannan ba, mai jiƙa rumbu, wancan!"

Duk wadda ta shigo sai ta leƙa duro ta riƙe baki. "Ke ko aljanu kinka yi niyyar gayyata?" Tun Kulu na sunkuyar da kai har ta ji kanta tana amsawa: "Na aika musu, sun ce suna gidanku." Aka yi shewa. Kulsumi ta dafa kafaɗarta tana dariya, ta bar mata hannu baƙi ƙirin a riga.

Suna tsame randa ta ƙarshe Asiya ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Kin san abin da ke ba mu haushi da ke? Tunda kinka zo garin ga ba ki taɓa aron ko ludayi ba. Mu muna zuwa gidanku aron rariya, aron gishiri, ke ko sau ɗaya. Sai munka ce to, ta ɗauke mu matsiyata, ba mu da abin da za ta so."

"Wallahi tsoro nike kar in dame ku."

"To ga shi kin dame mu gaba ɗaya. Kitsona ma ya tashi banza, ke za ki ƙarasa shi."

Ba duka aka ceta ba. Ta cikin kwatarniya ta riga ta lalace, sai kaji. Da Malam Arzika ya dawo ya yi faɗan da Kulu ba ta taɓa ji ba, Goggo kuma ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta da kyau. Amma da shinkafa ta bushe aka zo surfe, 'yan matan suka dawo da taɓarensu ba tare da an kira su ba. Suka sa Kulu lugude, mutum uku turmi ɗaya. Ta saba daka ita kaɗai, sai taɓaryarta ta riƙa karo da ta Asiya.

"Jira mana! Ki bar wa wani wuri ya sauke tashi!"

Sai da aka sha dariya kafin hannunta ya kama kiɗan.

Ana cikin haka Kalilu ya iso da kekensa, ya rame, rana ta ƙona shi. Da can kai tsaye yake aikawa a kira Kulu. Yau sai ya ga 'yan mata sun tare zaure.

"Wa kake nema, mai ƙarnin kihi?"

"Kulu."

"Ba mu san ta ba. Mu Mai Jiƙa Rumbu muka sani. Kuma an ce ka ba mu amanarta cikin rediyo, to kawo goron amana."

Sai da ya zazzage musu kwandon kifinsa suka ba shi hanya. Da Kulu ta fito ta kasa haɗa ido da shi.

"Na zaci ka tahi kenan."

"In tahi ina? Kihi ya riƙe ni, Kuluwata. Dare da rana ina cikin ruwa, ke kina cikin raina. Ashe kafin in dawo kin tara mani surukai masu cinye jari."

"Ka yi haƙuri da abin da nic ce."

"Na manta. Amma in kin zo gidanmu, don Allah kar ki jiƙa gulbi."

Labari ba ya kwana a kasuwa. Kafin mako ya zagayo masu kai gumi Argungu sun kai shi kunnen Inno. Ta sake zuwa Zauro, ta sake tsayawa bakin rijiya. Wannan karon ba ta samu ta gama tambaya ba, kowa na son ta ba da nata ɓangaren, wannan na katse waccan. Da ta shiga gida ta sa aka kira Kulu.

"Ke ce mai rumbu?"

Kulu ta durƙusa.

"Wauta kam kin yi ta, ba a ƙarya. Amma na ga masu wayon da za su zamna cikin ɗaki shinkafa ta ruɓe don kar a ji kunyarsu. Ke kin hita." Ta juya ga Goggo. "Uwar ɗiya, ku gaya wa Malam maza na nan tahe da goro."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Ranar kai amarya motar da aka ɗauko ta kasa ɗibar 'yan rakiya, sai da wasu suka hau saman kaya. Tun daga Zauro har Argungu suna waƙa, Asiya na gaba, murya duk ta dishe. Wurin sayen baki suka wahalar da abokan ango har Kalilu ya ce ya fi son Kulu ta da, marar ƙawaye. Malam Arzika, da ya huce tun tuni, ya sa albarka har muryarsa ta karye. Inno ta kama hannun amarya ta ce, "Allah ya ba ku zaman lahiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ki ga gidan ga kamar inda anka haife ki." Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Da kwanakin amarci suka cika, ƙawaye suka koma Zauro. Ɗakin ya yi wa Kulu faɗi. Ta ji tsohon tsoron nan ya dawo ya zauna mata a ƙirji, don a nan ba ta san kowa ba sai mijinta.

Washegari da safe ta ji hayaniyar mata a bayan gida, an kawo kifi. Ta daɗe riƙe da labule. Sannan ta ɗaura tsohon zane ta fita. Rahmatu na tsugune gaban wani ƙaton giwan ruwa da wuƙa a hannu, ta ɗago ta dube ta.

Kulu ta tsuguna kusa da ita.

"Rahmatu, ni shinkafa kaɗai nis sani, ita ma kin ji yadda munka ƙare. Ban iya gyaran kihi ba. Ki koya mani."

Rahmatu ta goge wuƙar a zanenta. Sai ta matsa gefe, ta miƙa mata wuƙar ta wajen ƙota.

"Riƙe nan, amarya. Daga wutsiya ake farawa."